"Ko Akwai Likita a Cikin Jirgin Nan?"

Tafin da aka yi ne ya ɓata mini rai.

Tafiyar dare ce, mun yi kusan awa huɗu a sama, an rage fitilu, yawancin mutane sun yi barci. Wani dattijo da ke zaune layi biyu a gabana ya tashi ya shiga ban-ɗaki. A hanyar dawowa ya dafa kujera, hannun ya zame, ya zube a tsakiyar hanya. Matarsa ta ƙwalla ƙara. Ma'aikatan jirgi biyu suka rugo, macen ta durƙusa tana jijjiga shi, namijin ya koma ya ɗauki wayar sanarwa. Sai muka ji muryarsa a lasifika: idan akwai likita ko ma'aikacin lafiya a cikin fasinjoji, don Allah ya danna ƙararrawar da ke saman kansa.

Shiru. Ya maimaita, shiru. Sai a karo na uku wata mata ta miƙe daga can baya tana mutsuttsuke ido, ta ce ita nas ce.

Ta nemi abin awon suga, aka ce babu. Wani fasinja mai ciwon suga ne ya zaro nasa daga jaka ya miƙa mata. Ta ɗaura masa abin awon jini, ta sa abin sauraro a kunne, ƙugin inji ya hana ta jin komai, dole ta koma laluben jijiya da yatsa. Aka ɗaga masa ƙafafu, aka sa masa oksijin. Bayan 'yan mintuna ya buɗe ido. "Baba, kana ji na?" in ji ta. Ya gyaɗa kai. Jirgi ya ɗauki tafi.

Ma'aikacin da ya yi sanarwar ya wuce ta gefena yana share gumi, na ji yana ce wa abokiyar aikinsa, "Yau mun yi sa'a."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta hana ni komawa barci. Da matar nan ta hau jirgin gobe fa? Da mai ciwon sugan nan ya jefa na'urarsa cikin babbar akwati ta tafi ƙarƙashin jirgi fa?

Ra'ayina a fili yake. Kamfanin da ya karɓi kuɗin mutum, ya rufe masa ƙofa, ya cilla da shi sama da mita 10,000 na tsawon awa bakwai ko goma sha huɗu, shi ke da alhakin tanadin abin da za a yi idan jikin mutumin ya gaza. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kayan aiki cikakku, ma'aikatan da hannunsu ya faɗa, da likitan da za a iya kira daga ƙasa a kowane lokaci: waɗannan ya kamata doka ta wajabta a kan kowane jirgin fasinja mai dogon zango, ko na wace ƙasa ne. Idan aka dace da likita a cikin fasinjoji, madalla, ƙari ne. Amma kada a ɗora ran mutum a kan dacen.

Ba abin ba-zata ba ne

Kamfanoni na son a riƙa kallon rashin lafiya a sama kamar faɗuwar tsawa, abin da ba wanda ya san ranarsa. Alƙaluma ba su goyi bayansu ba.

A 2013 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga wani nazari a kan kiraye-kirayen gaggawa 11,920 da jiragen kamfanoni biyar suka yi wa wata cibiyar likitoci ta ƙasa tsakanin 2008 da 2010. Lissafin ya nuna kira ɗaya a cikin kowane tashi 604. Ga fasinja mai hawa jirgi sau biyu a shekara, wannan ɗan kaɗan ne. Ga kamfanin da jiragensa ke tashi sau dubu a rana, abin yau da gobe ne, kamar lalacewar ban-ɗaki ko ɓatan akwati.

Nazarin ya ma faɗi irin ciwon. Suma ko jirin da ke kusa da suma shi ne kan gaba, kashi 37 cikin ɗari. Matsalar numfashi kashi 12, tashin zuciya da amai kusan kashi 10. Mutum 36 suka rasu. Kuma ga adadin da ya fi tsaya mini a rai: a ƙasa da rabin lokutan ne aka samu fasinja likita ya taimaka, kashi 48 cikin ɗari. Ke nan sanarwar nan da ake yi a lasifika tamkar jefa kwabo sama ce a ga fuskar da zai faɗo da ita.

Shi kansa jirgin yana da hannu a ciwon. Iskar cikinsa ba irin ta ƙasa ba ce. Ana matse ta ne ta yi daidai da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. A wannan yanayi oksijin ɗin jinin lafiyayyen mutum kan sauko zuwa wajen kashi 90 da 'yan kai. Mai ƙoshin lafiya ba zai ma lura ba. Mai ciwon zuciya, mai asma, mai sikila, mai ƙarancin jini, su ne ke ji a jikinsu. Duk wata iska da ke tare a jiki, a hanji, a kunne, ko a wurin da aka yi tiyata kwanan nan, tana kumbura da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ga bushewar iska, ga zama wuri ɗaya ƙafa a naɗe, ga rashin barci, ga wanda ya manta lokacin shan maganinsa saboda agogo ya juya. Dattijon da ya faɗi a gabana ya daɗe zaune, jini ya taru a ƙafafu, ya miƙe farat ɗaya. Duk wanda ya yi shekara guda yana aikin jirgi ya ga irinsa.

To idan an san sau nawa abin ke faruwa, an san irin ciwon, an san dalilinsa, me ya rage da za a kira shi tsautsayi?

"Ai jirgi ba asibiti ba ne"

Wannan ce amsar farko da ake ba ka, kuma na yarda da ita. Ban ce a sa likita a kowane jirgi ba. Zai yi tashi ɗari shida yana hamma kafin a neme shi sau ɗaya, alhali asibitocin da ke ƙasa na kukan rashinsa.

Abin dariyar dai shi ne da ma'aikatan jinya aka fara. A 1930 wata nas Ba'amurkiya mai suna Ellen Church ta shawo kan kamfanin Boeing Air Transport ya ɗauki nas-nas su riƙa kula da fasinjoji, aka fara da su takwas. Sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe su zuwa fagen daga aka sassauta sharaɗin. Aikin da yau muke yi wa kallon rabon shayi da bargo, da jinya ya soma.

Tsakanin asibiti da hannu rabbana akwai fili mai faɗi, kuma a nan maganata take. Ɗauki tsayawar zuciya. Idan zuciya ta rikice ta daina harba jini, kowane minti guda da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Jirgin da ke can ƙololuwa, ko filin sauka na ƙarƙashinsa daidai, sai ya ci minti ashirin zuwa talatin kafin taya ta taɓa ƙasa. Ka yi lissafin da kanka. Abin da zai ceci mutumin nan shi ne hannun da zai danna masa ƙirji nan take, da na'urar farfaɗo da zuciya, wata 'yar akwati da ake manna wa mutum a ƙirji ta karanta bugun da kanta, ta yi magana ta ce a matsa, ta ba shi wuta idan wuta yake buƙata. An ƙera ta ne musamman domin wanda ba likita ba.

Tun farkon shekarun 1990 kamfanoni irin su Virgin Atlantic da Qantas suka fara ɗaukar ta don raɗin kansu. Amurka ta wajabta ta a jiragen fasinjanta daga 2004. Amma hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta bar wa kamfanoni da ƙasashe su auna su yanke. Saboda haka mutum biyu za su iya kamuwa da ciwo iri ɗaya, a sararin sama ɗaya, a dare ɗaya, ɗaya ya rayu ɗaya ya tafi, bambancin kawai tambarin da ke jikin wutsiyar jirgin. Kuma ba wanda ke gaya maka wannan lokacin sayen tikiti. Za a gaya maka kilo nawa aka yarda ka ɗauka, inci nawa ne tsakanin kujeru, har irin abincin da za a ba ka.

Ko a inda dokar ta fi tsauri akwai giɓi. Jerin magungunan da Amurka ta wajabta ya kwashe kusan shekara ashirin ba a yi masa wani gyaran kirki ba, sai a 2024 majalisar dokokin ƙasar ta umarci FAA, hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar, ta sake duba shi. A jerin akwai adiranalin, maganin mummunan borin jini irin wanda ke kumbura maƙogwaro ya toshe numfashi cikin mintuna. Amma a kwalba yake, sai an fasa, an zuƙa da sirinji, an auna daidai. Kuma kala biyu ne masu ƙarfi daban-daban, ɗaya na borin jini, ɗaya na tsayawar zuciya. Ka ƙaddara kai ne a durƙushe a 'yar siririyar hanya, jirgi na girgiza, uwa na ihu a kanka, kana ƙoƙarin karanta ƙananan rubutu a jikin kwalba. Alhali akwai allurar da aka riga aka auna, wadda ko yaro zai iya dannawa a cinya. Wasu kamfanoni na ɗaukar ta, wasu ba sa ɗauka. Abin awon suga da 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa ta auna oksijin, su ma ba ko'ina aka wajabta su ba, ga su kuwa ba su kai girman tafin hannu ba.

Wani zai ce ai ga oksijin nan a saman kowace kujera. A'a. Wancan na ranar da iskar jirgi ta zurare ne, mintuna kaɗan yake yi, iya abin da matuƙi zai sauko ƙasa-ƙasa. Na marar lafiya 'yan tukwane ne da ake ɗauka a hannu, kuma suna ƙarewa.

"Likitoci ai sun yi rantsuwa"

Akwai labarin da ake yawan kawowa. A 1995, a jirgin British Airways daga Hon Kon zuwa Landan, wata mata da ta faɗi a babur a hanyarta ta zuwa filin jirgi ta fara kasa numfashi. Haƙarƙari ya karye, iska ta taru a ƙirji tana matse huhu. Farfesa Angus Wallace, likitan ƙashi, tare da wani matashin likita, suka huda mata ƙirji suka zura robar fitsari da aka ƙarfafa da wayar rataye riga, suka tsoma ɗaya bakin a gorar ruwa, suka wanke kayan da barasa. Matar ta rayu.

Labari ne mai daɗi, kuma mutumin ya cancanci duk yabon da ya sha. Amma duk lokacin da na ji an kawo shi a matsayin hujjar cewa abubuwa na tafiya daidai, sai in ce a sake saurare. Wayar rataye riga! Jarumtar mutum ɗaya ce ta rufe asirin akwatin da ba shi da abin da ake buƙata.

Sannan wane likita? Kalmar tana da faɗi. Wanda ya amsa kira zai iya zama likitan ido da ya yi shekara ashirin bai karɓi haihuwa ba, ko likitan fata da aka miƙa wa jariri mai shiɗewa. Wataƙila ya sha maganin barci, wataƙila ya kwana biyu bai runtsa ba. Bai san abin da ke cikin akwatin ba, don kowane kamfani da nasa, wani lokaci ma sunayen magungunan da harshen da ba ya ji aka rubuta. Ba wurin kwantar da mutum sai ƙasan inda ake haɗa abinci. Sau da yawa nas ɗin ɗakin gaggawa ko ma'aikacin motar asibiti ya fi babban farfesa amfani a wannan wuri, amma sai ka ga an tsaya ana tambayar sa katin shaida.

Ga kuma tsoron shari'a. A Faransa da Jamus doka ta tilasta wa mutum ya taimaki wanda ke cikin haɗari. A Amurka da Ingila ba tilas. Amurka ta yi doka a 1998 da ke kare ma'aikacin lafiyar da ya taimaka a jirgi da kyakkyawar niyya, sai fa idan ya yi mummunan sakaci ko ganganci. Amma likitan da ke tsakiyar teku, a jirgin wata ƙasa, marar lafiya ɗan wata ƙasa, za a sauka a ƙasa ta uku, ba shi da lokacin tunanin dokar wa ke kansa. Ina kyautata zaton shirun nan biyu da muka ji kafin matar ta miƙe, ba duka ne shirun rashin ma'aikacin lafiya ba.

Wasu kamfanoni sun gane. Lufthansa na da tsarin da likitoci ke yin rajista tun kafin tafiya, ma'aikata su san ga likita a kujera kaza, ga fannin da ya ƙware, kuma inshorar kamfanin ta rufe shi. Wannan shi ne mutunta mai taimako. Saɓanin haka, mutum ya sayi tikiti da kuɗinsa, a tashe shi daga barci, ya yi awa biyar a tsaye yana aikin da kamfani ya kamata ya yi wa tanadi, a sallame shi da "mun gode".

"Sai a sauka mana"

Faɗar ta fi yin ta sauƙi. A nazarin da na ambata, kashi 7 cikin ɗari ne kawai aka karkatar da jirgin.

Babban jirgi da ya tashi da man tafiyar awa goma sha biyu ya fi nauyin da aka yarda ya sauka da shi. Ko dai ya zubar da mai a sama, ko ya sauka da nauyin a tsaya binciken ƙafafunsa. A kan teku ko tsakiyar hamada, filin da ya fi kusa zai iya kai tafiyar awa biyu ko uku. In an isa ma, wataƙila garin ba shi da asibitin da zai iya da ciwon. Shanyewar ɓarin jiki na buƙatar hoton ƙwaƙwalwa, toshewar jijiyar zuciya na buƙatar ɗakin da ake buɗe ta. Wani lokaci ƙara awa ɗaya a isa babban birni ya fi sauka yanzu a inda ba komai. Kuma saukar na cin kuɗi, a manyan jirage har ɗaruruwan dubban daloli, idan aka haɗa mai, masauki, da ma'aikatan da awanninsu na aiki suka ƙare.

Hukuncin na kyaftin ne shi kaɗai, haka doka ta ce, haka kuma ya dace. Amma kyaftin ba likita ba ne, yana can gaba a kulle, labari ake kai masa. A gefe guda ga rai, a ɗaya gefen ga mutum ɗari uku da kamfanin da zai tambaye shi dalili. Barin sa ya yanke wannan da abin da wani baƙo a kujera ta 40 ya faɗa masa, zalunci ne gare shi da marar lafiyar duka.

Maganin wannan ya daɗe da samuwa. Akwai cibiyoyi irin su MedLink a birnin Finiks da STAT-MD a Fitsbag, duka a Amurka, inda likitocin gaggawa ke zaune dare da rana suna amsa kiran jirage ta wayar tauraron ɗan'adam ko rediyo. Sun san abin da ke cikin akwatin kowane kamfanin da suke wa aiki, sun san filayen da ke kan hanya da asibitocin da ke kusa da su. Suna iya ce wa ma'aikaciyar jirgi ta buɗe aljihu kaza ta ba da ƙwaya kaza, ko da ba likita a ciki. Sau da yawa ma su ne ke hana saukar da ba ta da amfani, don sun san suman da ke wucewa da kansa. Kamfani na samun riba da su ke nan. Duk da haka shiga tsarin ganin dama ne a wurare da yawa. A zamanin da fasinja ke kallon ƙwallo kai tsaye ta intanet ɗin jirgi, ban ga uzurin da za a kawo a ce ma'aikaci ba zai iya nuna wa likita fuskar marar lafiya ta bidiyo ba.

"Laifin fasinja ne"

A nan kam akwai ƙamshin gaskiya, ba zan ɓoye ba.

Mutane na ɓoye ciwo don kada a hana su tafiya. Mai ciki wata tara ta sa babbar riga ta wuce, alhali yawancin kamfanoni na tsayawa a mako 36, ko 32 idan tagwaye ne. Wanda aka yi wa aiki a ciki shekaranjiya ya lallaɓa ya hau. Mai asma ya sa abin shaƙarsa a akwatin da za a auna. Akwai takardar da likitan mutum ke cikewa kamfani ya duba ko zai iya tafiya, ko yana buƙatar a tanadar masa oksijin, amma mutane na gudun ta kamar sammaci. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan ya hau kan fasinja kamar yadda ya hau kan kamfani.

Haka batun bel. A watan Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines daga Landan zuwa Singafo ya faɗa mummunar gargada a sararin Myanmar. Cikin ƙasa da daƙiƙa biyar ya zurma kimanin mita 54. Waɗanda ba su ɗaura bel ba suka daki rufi suka dawo. Wani dattijo ɗan Birtaniya mai shekara 73 ya rasu, sama da mutum ɗari suka samu kulawar asibiti a Bankok, inda aka karkatar da jirgin ya sauka, wasu da rauni a laka da kai. A rana irin wannan su kansu ma'aikatan na cikin masu rauni, don su ne a tsaye. Ba akwatin maganin da zai wadatar. 'Yar ɗamarar nan da muke kwancewa da zarar fitila ta mutu ita ce maganin.

Na yarda da duk wannan. Sai dai laifin wani fasinja ba ya wanke kamfani. Da yawa daga masu faɗuwa a jirgi ba su san suna da wani ciwo ba, bugun zuciyar farko ba ya aiko da goron gayyata. Wanda kuma ya faɗi gaskiyar ciwonsa, ana sauraron sa?

A farkon 1998, lokacin ana shan taba a wasu jirage, wani likita mai asma, Dakta Abid Hanson, ya hau jirgin Olympic Airways daga Girka zuwa Amurka. Aka zaunar da shi layi uku kacal daga sashen masu shan taba. Sau uku matarsa na roƙon ma'aikaciyar jirgi ta canza masa wuri, sau uku ana ƙi, ga kuma kujeru babu kowa. Ya rasu a cikin jirgin. Kamfanin ya kafe cewa ciwonsa ne ya kashe shi, ba haɗari ba, domin yarjejeniyar ƙasashen duniya kan sufurin jiragen sama, ta Warso ta 1929, da ta Montiriyal ta 1999 da ta gaje ta, suna ɗora wa kamfani diyya ne idan "haɗari" ya faru, wato wani abu daga waje da ba a saba ba. A 2004 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ƙin taimakon nan shi kansa haɗari ne.

Hukunci mai kyau. Amma dubi inda ya bar mu. Idan ma'aikaci ya ƙi yin abin da dokar kamfaninsa ta ce, akwai abin kamawa. Idan kuwa kamfanin ne tun farko bai sayi na'urar ba, bai yi yarjejeniya da likitan ƙasa ba, kuma ƙasarsa ba ta tilasta masa ba, da wuya iyalin mamaci su samu inda za su riƙe. Wanda ya yi tanadi kaɗan shi ne ke da ƙarancin abin da za a ce ya saɓa. Shi ya sa ban yarda a bar wa kotu da kasuwa wannan magana ba.

Kuma kada a bar jaki a koma dukan taiki. Ma'aikatan da na gani a daren nan ba su yi sakaci ba, sun yi iya abin da aka koya musu da abin da aka ba su. A ƙa'idar da aka fi bi, ma'aikaci ɗaya ne ga kujera hamsin. Horonsu na farko makonni ne, a ciki za a cusa kashe gobara, fitar da mutane cikin daƙiƙa 90, sauka a ruwa, fasinja mai rigima, sannan taimakon gaggawa. Danna ƙirji kuwa aikin hannu ne, idan aka daɗe ba a yi ba yana gudu. Minti biyu na yin sa yadda ya kamata ya isa ya gajiyar da ƙato, dole a riƙa karɓa-karɓa. Maimaita horon a kai a kai, a cikin matsatsin da ya yi kama da na jirgi, kuɗi ne da lokaci, kuma kamfani ne zai biya.

Kuɗi, da kuma ajali

Za a ce duk wannan zai ƙara kuɗin tikiti. Jirgin da ake saye da miliyoyin daloli, wanda ke ɗauke da keken turare da agogunan sayarwa, ba na'ura mai nauyin kilo biyu ce za ta karya shi ba. A raba kuɗinta a kan fasinjojin da jirgi ɗaya ke ɗauka a shekara, ba za a ga abin da ya hau kan kowa ba. An wajabta rigar ruwa a ƙarƙashin kujeru, kuma daidai ne, alhali yawancin matuƙa za su yi ritaya ba su taɓa sauka a teku ba. Suma da ciwon ƙirji kuwa kullum ne.

Maƙwabcina a daren nan, wani mutum mai natsuwa, da na yi masa ƙorafi sai ya ce, "Malam, in kwana ya ƙare ko a gadon asibiti kake sai ka tafi." Haka ne. Ban musa ba. Na dai tambaye shi ko zai yarda ya hau jirgin da aka ce ba a duba injinsa ba tunda ajali ɗaya ne. Ya yi dariya ya gyara bargonsa.

Abin da ya sa injin ke samun wannan kulawa shi ne ana ƙirga shi. Ƙusa ɗaya ta kwance, sai an rubuta, rahoto ya tafi hukuma, idan abin ya maimaitu a gargaɗi duk mai irin jirgin a duniya. Da haka tafiyar sama ta zama mafi aminci a cikin tafiye-tafiye. Jikin fasinja bai samu wannan gata ba. Babu wata rajista guda ta duniya da ake zuba rahoton rashin lafiya a jirgi, kowane kamfani na riƙe da nasa a aljihu, kowa da yadda yake fassara abin da ya kai a rubuta. Shi ya sa har yau ake yawan komawa ga alƙaluman kamfanoni biyar na shekarun 2008 zuwa 2010. A 2019 kaɗai an yi jigilar fasinja kimanin biliyan huɗu da rabi, kuma masu tafiyar sai ƙara tsufa suke yi, jiragen na ƙara nisan zango. Da ana tattara rahoton, da an san maganin da ake nema a rasa, da wanda ake ɗauka shekara da shekaru ba a taɓa buɗe shi ba.

Da muka sauka, aka ce kowa ya zauna har ma'aikatan lafiya su shigo. Suka fita da dattijon a keken marasa lafiya, matarsa na biye da jakunkuna biyu. Nas ɗin na tsaye a wajen haɗa abinci tana cike wata takarda a kan keken shayi. Da na zo wucewa na ji tana tambayar shugabar ma'aikatan ko akwai gurbin da za ta rubuta cewa ba abin awon suga a akwatin. Shugabar ta juya takardar gaba da baya, ta ce ta rubuta a gefe.